Tsibirin da Ke Jikin Kalandar Sito

A bangon siton kamfanin jimar da na yi wa aiki a Challawa akwai wata kalanda da shekararta ta ƙare tun kafin a ɗauke ni, amma ba wanda ya cire ta. Dillalan sinadarin jima ne suka kawo ta daga Sharada, irin kyautar ƙarshen shekara. An yayyage sauran shafukan an naɗe ƙosai da su, saura guda ɗaya. Hoton wani ɗan tsibiri ne a Tekun Fasifik, an ɗauko shi daga sama: kore a tsakiya, farin yashi ya kewaye shi, sai ruwa mai haske, sai wani zobe na farin kumfa, daga nan kuma shuɗi mai duhu har ƙarshen takarda. A ƙasan hoton akwai layi uku na Turanci.

Ni ne akawun siton. Ni nake ba da safar hannu da takalmin roba da buhunan gishiri, kuma ni kaɗai ne a sashenmu nake karanta Turanci ba tare da na ɗora yatsa a kan layi ba. Gara in faɗi halina tun yanzu. Ina da difloma, ina ganin wurin ya yi min kaɗan, kuma haushin haka a kan duk wanda ya tsaya a tagata nake sauke shi. Warin ɗanyar fata yana bin mutum har gida. A motar Panshekara mata kan ja mayafi su toshe hanci in na zauna kusa da su. Bakina yana da kaifi, mutane suna dariya in na yi magana, ni kuwa na ɗauka so na suke yi.

Akwai wani tsoho da kowa ke kira Baba. A ramin jiƙa fata yake aiki, wurin da ya fi ko'ina wari, yana jan fatun shanu daga ruwa da doguwar ƙugiya. Ɗan asalin wani ƙauye ne a bakin kogin Challawa. Mahaifinsa masunci ne, gonarsu kuma yanzu tana ƙarƙashin wani ɗakin ajiyar kaya da ake hange daga ƙofar kamfaninmu. Yakan nuna kusurwar katangar ya ce a nan tsamiyarsu take. Fatar hannunsa ta ƙode ta yi fari-fari har gwiwar hannu saboda ruwan ramin.

Duk daɗewarsa, Baba bai taɓa zama ma'aikacin dindindin ba. Lebura ne na kullum. Irinsu da sassafe suke taruwa a bakin ƙofa, heluma, shugaban leburori, ya fito ya nuna waɗanda za su shiga da bakin biro. Tsofaffin hannu kamar Baba suna da gurbi. Ba a rubuce yake ba, amma kowa ya san na wane ne. Kuma akwai ƙa'ida a tsakaninsu. In an yi wa mutum rasuwa ko zai yi gajeriyar tafiya, sai ya kawo wani ya riƙe masa, ranar da ya dawo ya karɓi abinsa. In kuwa ya bar wa wani gurbin kyauta a gaban shaidu, to ya bari ke nan har abada, ko shi da kansa ba zai iya buɗe baki ya ce a mayar masa ba. Gurbin nan shi ne tuwon gidan Baba, ba shi da wani abu bayansa.

Duk ranar da ya zo canza safar hannu sai ya daɗe a tagar sitona yana kallon kalandar. Wata rana ya ce, "Malam akawu, don Allah me aka rubuta a ƙasan nan?"

Na karanta masa cikin gatse. Sunan tsibirin ne, da cewa ƙarami ne, da cewa murjani ya kewaye shi. Ya ce, "Wannan hasken na gefen yashi, ruwa ne?" Na ce ruwa ne. Ya ce, "Ana ganin ƙasansa?"

Ranar babu wuta, injuna a tsaye, ba ni da abin yi. Na ciro wayata na nemo tsibirin na nuna masa bidiyo. Wani mutum yana tsaye a ruwa har ƙugu, ana ganin yatsun ƙafarsa a kan yashi, ƙananan kifaye masu launi suna ratsawa ta tsakanin ƙafafunsa. Baba ya riƙe bakin taga da hannu biyu. Ya ce da yana yaro haka kogin Challawa yake in damina ta wuce, yana tsaye a ruwa yana ƙirga yatsunsa. Na ce, "Baba, yanzu in kun shiga ku fito da yatsun ma kun gode Allah." Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Tun daga nan ya ɗora min karatu. Kullum da tambayarsa, ni kuma ina amsawa don yana ba ni abin ba'a. Haka ya haddace tsibirin kamar yadda ya san ƙauyensu. Ya san dutsen da ke tsakiya tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, yanzu daji ya rufe shi. Ya san zoben kumfar nan murjani ne, shi ke karya igiyar teku, shi ya sa ruwan ciki yake kwance kamar a kwano. Ya san zoben yana da ƙofa ɗaya tak, ta nan kwalekwale ke fita kamun kifi. Ya san hanya ɗaya ce ta zagaye tsibirin, mai keke zai gama ta kafin azahar. Ya san ƙoramar da ke faɗowa daga dutsen, da kogon da ke da ruwan sha a cikinsa, da kififiyar da ke fitowa ta binne ƙwanta a yashi. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne ƙaguwar da ke hawa bishiyar kwakwa. Sau uku ya sa na nuna masa ita, kowane karo yana girgiza kai yana tasbihi.

Lokacin hutun rana, a gindin darbejiyar da mai shinkafa da wake ke zama, sai a ce, "Hakimin tsibiri, yau me ake ciki a ƙasarku?" Shi kuwa ya ajiye cokali ya shiga bayani da gaske, yana zana taswira da tsinke a ƙasa.

A gindin darbejiyar nan abin ya faro. Ina ba da labari ina ƙarin gishiri, na ce ƙofar murjanin tana gabas. Baba ya ce, "A'a, Malam akawu, yamma ka karanta min. Ta nan rana ke faɗuwa, ka ce masunta na shigowa da ita a bayansu." Na ce gabas. Direban da ke kai saƙo tsakanin Challawa da babban ofishinmu na Bompai ya ce in duba waya. Na duba, yamma ce. Aka kwashe da dariya, wani ya ce mai ƙugiya ya kayar da mai difloma. Ba wani abu ba ne, ko yaro ya san ba wani abu ba ne. Amma na kwana uku ina jin dariyar nan a kunnena.

A rana ta huɗu na zauna a kwamfutar sito na rubuta takarda. Na sa tambarin kamfani a sama, na buga hatimin sito a ƙasa ta yadda rubutunsa ba zai fito sosai ba. Takardar ta ce kamfani zai buɗe ƙaramar majema a tsibirin don jimar fatar kifi, ana bukatar tsohon hannu amintacce ya je ya koya wa mutanen can aiki, kuma an zaɓi Baba. Da na tsaya a cewa tafiyar mako biyu ce da bai yi abin da ya yi ba. Amma alƙalami ya yi min daɗi, na rubuta cewa zai zauna can shekaru, da ɗaki a bakin ruwa, kuma ya je ofishin Bompai ranar Asabar da kayansa. Direban ya yarda ya miƙa masa ita a ambulan, kamar daga can ta fito. Mun shirya cewa washegari za mu faɗa masa gaskiya a gindin darbejiya, a yi dariya, a tashi.

Wa zai karanta masa in ba ni ba? Ya zo tagata da ambulan a hannu, ya goge hannuwansa a riga sau biyu kafin ya miƙo. Na karanta, na fassara, ban ko yi murmushi ba. Ya ce, "Malam akawu, ka tabbata sunana ne?" Na ce, "Wallahi sunanku ne, Baba, ga shi nan." Ya zauna a kan buhun gishiri, ya cire takalmin robarsa ya ajiye gefe, ya sunkuyar da kai. Na zaci zai tambayi albashi. Da ya ɗago sai ya ce, "To a can ina ne alƙibla?"

Washegari ba mu faɗa masa ba. Abin ya yi daɗi da yawa. Ya zo da tambayar ko akwai daddawa a can, muka ce babu, ya ce zai tafi da ita, da kuka, da kanwa. Ya tambaya ko jirgi yana da wurin alwala. Direban ya ce masa ya fara koyon cin ƙaguwa tun yanzu. Rabin sashenmu sun san wasa ne, kuma duk wanda ya sani sai ya ƙara nasa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, mai kula da tukunyar tururi, wani Kirista mutumin Filato, mai ƙarancin magana. Ya same ni ina rufe sito ya ce, "Akawu, ka faɗa wa tsohon nan yau. Ya gaya wa matarsa." Na ce masa ya je ya kula da tukunyarsa kada ta fashe. Ya dube ni ya ce, "Sa'an babanka ne," ya wuce. Na bi bayansa da tsaki.

Ranar Laraba da safe, kafin in iso, Baba ya kama hannun wani maƙwabcinsa, magidanci mai 'ya'ya da yawa wanda ya daɗe yana tsayuwa a ƙofa ba a nuna shi, ya kai shi gaban heluma. Ya ce ya bar masa gurbinsa. Heluma ya san labarin takardar, ya san ƙarya ce, da shi aka yi dariyar daddawa. Amma ya daɗe yana cewa tsohon ya yi sanyin hannu, ga kuma ƙato mai ƙarfi an kawo masa har gida. Sai ya kira mutum biyu su shaida, ya tambayi Baba sau uku, "Riƙo ne ko bari?" Sau uku Baba ya ce bari ne, shi tafiyarsa mai nisa ce, ba zai bar bawan Allah yana riƙon da bai san ƙarshensa ba. Maƙwabcin ya durƙusa yana kuka yana godiya.

Direban ne ya kawo min labari, kuma a karon farko ban ga haƙoransa ba. Ya ce, "Ka je ka gyara." A lokacin da sauran dama. Da na fita na ce ni na rubuta, shaidun nan da kansu za su ce kyautar da aka yi a kan ƙarya ba ta ɗauru ba. Amma na sa tambarin kamfani a takardar bogi, kuma na san abin da ake yi wa akawun da ya yi haka. Na zauna na auna aikina da nasa. Aikin da kullum nake cewa ya yi min kaɗan, ranar na riƙe shi da hannu biyu. Na ce wa direban in ya buɗe baki, ya tuna shi ya kai ambulan.

Ranar Alhamis Baba ya zo cikin sabuwar shadda ruwan toka, wadda 'yarsa ta ɗinka masa. Ya zo neman yafiya, kamar yadda duk mai doguwar tafiya yake yi. Ya bi sashe-sashe, daga masu gishiri zuwa masu gangar juya fata zuwa masu shanya, yana ba kowa hannu yana cewa a yafe masa, rai ba a hannun mutum yake ba. Waɗanda suka kwana huɗu suna dariya suka riƙa sunkuyar da kai suna cewa Allah ya kiyaye hanya. Kowa yana jira wani ya faɗa masa gaskiya, kuma kowa ya san wanin nan ni ne.

Ni ya bari a ƙarshe. Bai tsaya a taga ba, ya zagayo ya shigo ciki, ya durƙusa a gabana da furfurarsa. Na ce, "Haba Baba, ku tashi." Ya ce, "Bari in faɗa tukuna. Ranar nan a gindin darbejiya na gyara maka magana a gaban mutane. Na ga ranka ya ɓaci, na kwana da abin. Kai ka buɗe min ido a kan wurin nan, bai kamata in yi maka haka ba. Ka yafe ni."

Na ce, "Na yafe, Baba." Sai bakina ya ƙarasa abin da aka saba ƙarasawa, "Ni ma ku yafe ni."

Ya ce, "Kai me ka yi min in ban da alheri? Na yafe maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, duniya da lahira."

Ya ciro wata 'yar robar ruwa da ya wanke tas ya nuna min. Ya ce duk ranar da Allah ya dawo da shi zai ciko min ita da ruwan cikin zoben, in gani da idona. Na karɓi yafiyar nan kamar yadda ɓarawo ke karɓar sannu da zuwa a gidan da ya zo yi wa sata, har na raka shi bakin ƙofa.

Abin da ya faru ranar Asabar a bakin mutane na ji. 'Yan uwa sun cika a-daidaita-sahu biyu sun raka shi Bompai, da jakarsa da butarsa da ƙullin daddawa. Mai gadi ya ce ba a aiki sosai ranar Asabar, amma ganin taron ya kira wani jami'i. Jami'in ya karanta takardar, ya sake karantawa, ya kira abokin aikinsa, suka yi dariya har ɗaya ya dafa mota. Duk wannan a gaban matar Baba da 'yarsa da surukinsa. Da suka gama suka ce ya faɗi wanda ya ba shi, za a hukunta shi. Baba ya karɓi takardar ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce shi bai san kowa ba. Na sha tambayar kaina dalilin da ya sa ya rufa min asiri. Ina jin amsar ba ta wuce abin da ya faɗa ranar Alhamis ba: ya riga ya yafe, har da wanda bai sani ba.

Ranar Litinin na gan shi a bakin ƙofa cikin tsofaffin kayansa, a layin masu jiran tsammani, can baya tare da sababbin zuwa. Heluma ya fito da bironsa, ya nuna wannan, ya nuna wancan, biron ya tsallake Baba kamar babu mutum a wurin. Maƙwabcin ya wuce ciki kansa a ƙasa. An ce ya je gida ya roƙi Baba ya karɓi abinsa, Baba ya ce ya bayar a gaban shaidu, kuma 'ya'yan mutumin sun riga sun sa rai. Ko da ya karɓa ma heluma ba zai yarda ba.

Haka aka yi ta yi. Kullum da safe yana nan, kullum sai na wuce ta gabansa. Na koyi sauka daga mota a nesa in bi ta jikin katanga. Wasu matasan layin suna ce masa, "Hakimi, jirgin bai iso ba?" An ce ya gwada ƙofofin Sharada, har Dakata ya je neman dako, ko'ina aka dubi furfurarsa da hannuwansa aka ce babu. A gindin darbejiya an daina maganar tsibiri, an kuma daina dariya in na yi magana. Mutumin Filato bai sake gaishe ni ba, kuma bai taɓa faɗa min dalili ba, don ba sai ya faɗa ba.

Wata safiya, bayan an rufe ƙofa waɗanda ba a nuna ba sun fara watsewa, na fito na same shi a tsaye a bakin lambatun da ke kwashe ruwan kamfanoni zuwa kogi. Ranar ruwan shuɗi ne mai kauri, da kumfa a kansa. Na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, har da tambayar mutanen gida. Na fara, "Baba, takardar nan..."

Ya ɗaga hannu. "Na sani, Malam akawu. Tun a Bompai na gane. Wannan maganar ta wuce, na faɗa maka ranar Alhamis, ba zan janye ba." Sai ya ce, "Abu ɗaya nake so ka gaya min. Tsibirin nan, da dutsen, da ƙaguwar, da ruwan da ake ganin ƙasansa. Akwai shi? Ko shi ma kai ka haɗa a na'urarka?"

Ban taɓa tunanin zai yi wannan tambayar ba. Na ciro waya ina neman bidiyon. Na ce, "Akwai shi, Baba. Wallahi akwai shi, ga shi nan ku gani."

Bai kalli wayar ba. Ni ya kalla, ba fushi a fuskarsa, ya ce, "Haka ka rantse ranar da ka karanta min takarda."

Ya gyara hularsa ya bi gefen lambatun ya nufi ƙauyensu. Washegari bai zo ƙofa ba, kuma bai sake zuwa ba.